Fitilar LED a Babur: Lambar da Ke Jikin Kwali Ba Ita Ke Haska Hanya Ba

A 'yan shekarun nan da wuya mutum ya bi hanyar ƙauye da daddare bai ci karo da babur mai farin haske fat, mai kashe ido ba. Ƙwayayen LED sun cika shagunan kayan gyara, daga Ƙofar Ruwa a Kano zuwa Panteka a Kaduna, ga su kuma a shagunan intanet da bidiyoyin talla na TikTok da Facebook. Matashi zai cire ƙwan da babur ɗinsa ya zo da shi, ya zura sabon na LED, ya kunna a ƙofar gida, abokai su ce wannan ai rana ce. Daga nan sai ya ɗauka ya gama da matsalar duhu.

Canza fitila zuwa LED abu ne mai kyau ga mai tuƙin dare a kan burji da hanyoyin daji, kuma babu dalilin hana kowa. Sai dai yadda akasarin mutane ke yin canjin kuskure ne. Suna sayen lambar da aka buga a jikin kwali, alhali abin da ke ceton rai shi ne inda hasken ke sauka a ƙasa. Ƙwan da ya fi kowane haske zai iya barin mai shi yana ganin hanya ƙasa da yadda yake gani a da, ya kuma makantar da duk wanda ke tahowa.

Dalilin da ya sa ake canzawa

Masu canza fitila suna da hujja. Galibin ƙananan babura masu inji 100 zuwa 150, irin su Bajaj Boxer da Jincheng da Haojue da TVS, suna zuwa da ƙwai mai wat 35. Nau'in da ake kira HS1, alal misali, yana ba da lumen wajen 825 a dogon haske, wanda direbobi ke cewa ful, da kuma wajen 525 a gajeren haske, wato dim. Lumen shi ne ma'aunin jimillar hasken da ƙwai ke fitarwa. A cikin gari, inda akwai fitilun shaguna da na motoci, wannan ya wadatar. A kan hanyar da babu komai sai duhu da rami da yashi, bai kai ba.

Akwai kuma wata illa ta daban. A yawancin waɗannan babura fitilar gaba tana shan wuta kai tsaye daga kwayil ɗin inji, ba daga batir ba. Idan aka murɗa totur haske ya ƙaru, idan aka sassauta ya dushe. Ke nan a daidai lokacin da mutum ya rage gudu don ya lallaɓa ta cikin kwazazzabo ko taɓo, lokacin ne fitilar ke yin ja kamar aci-balbal.

Lissafin tsayawa ma yana goyon bayansu. Babur mai gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Idan aka ɗauka mutum na buƙatar daƙiƙa ɗaya da rabi kafin ya gane abin da ke gabansa ya taka birki, ya riga ya ci mita 25. A kan tsakuwa ko burji mai santsi, inda taya ba ta kama ƙasa sosai, birkin kansa zai iya cin wasu mita 35. Jimilla kusan mita 60. Duk fitilar da ba ta nuna amalanke ko saniya ko kututture daga wannan nisa, mai ita yana gudu fiye da ganinsa. Don haka neman ƙarin haske ba ƙarya ko burga ba ce kawai.

Lissafin da ke tona asirin kwali

Duk wanda ya taɓa sayen fawa bank da aka rubuta masa 50,000mAh amma ya kasa cika waya sau biyu, ko memori mai terabait ɗaya a kuɗin kati, ya san yadda lamba ke ƙarya a kasuwar kayan lantarki. Haka abin yake a ƙwayayen LED. Ana ganin kwalaye masu rubutun lumen 20,000 ko fiye, a kan ƙwan da bai fi babban yatsa ba.

Ana iya kama wannan ƙarya da lissafin aji uku na sakandare. Ƙwan halojin yana ba da lumen 20 da 'yan kai a kan kowane wat. Ƙwan LED mai kyau, idan ya yi zafi yana aiki a cikin fitila, yana ba da wajen 100 a kan kowane wat. Akwai kuma iyakar da kimiyya ta gindaya: ko da za a mayar da dukkan wutar ta zama haske ba tare da asarar komai ba, ba za a wuce lumen 683 a kan wat ɗaya ba, shi ma a koren haske zalla. Na farin haske kuwa ya yi ƙasa da haka sosai. To ƙwan da ke shan wat 20 kuma aka ce yana ba da lumen 20,000, ana nufin lumen 1,000 ke nan a kan kowane wat. Babu masana'antar da za ta iya haka a duniya.

Sanin ainihin wat ɗin kuma ba wuya. Duk mai rewaya yana da mita. A haɗa ƙwan da batir, a auna amfiya nawa yake ja, a ninka da bolt. Idan yana jan amfiya 1.5 a kan bolt 12, wat 18 ke nan, ko me kwalin ya ce. A ninka 18 da 100, an samu lumen 1,800. Wannan ya ninka hasken ƙwan asali sau biyu, kuma ci gaba ne na gaske. Mai shagon da ya yarda a yi wannan gwaji a gabansa ya cancanci a saya a wurinsa.

Kwanon fitila ba don LED aka ƙera shi ba

Ko da lambar gaskiya ce, ba ta faɗi komai game da inda hasken zai je ba. Lumen kamar ruwan da ke cikin tanki ne. Abin da ya dami mai lambu shi ne nawa ya isa gindin shuka. A harkar haske, wanda ya sauka a kan wuri ana auna shi da lux, kuma aikin kai shi wurin na kwano mai sheƙi ne da ke bayan ƙwai, da gilashin gaba.

An ƙera wannan kwano ne da lissafin cewa hasken zai fito daga wani ɗan siririn zare, mai tsawon milimita kaɗan, da ke zaune a wani takamaiman wuri yana watsa haske ta kowane ɓangare. A ƙwai mai zare biyu irin H4 da HS1, akwai ɗan ƙaramin murfin ƙarfe a ƙarƙashin zaren dim. Shi ke tare hasken da zai tashi sama, shi ya sa dim mai kyau ke da layi a jikin bango: ƙasa haske, sama duhu. Wannan layi shi ne ke kare idon mai tahowa.

Ƙwan LED ba zare ba ne. Ƙananan ƙwayoyi ne shimfiɗaɗɗu da aka manna a gefe biyu na wani allo mai kauri, wasu ma a gefe uku ko huɗu ko shida don a ce sun fi haske. Idan ƙwayar ta fi zaren faɗi, ko ta gusa da milimita biyu daga mazauninsa, kwanon zai jefa hasken inda ba a nufa ba. Wani ya tashi kan bishiyoyi, wani ya taru a gaban taya, tsakiyar hanya kuma a sami wani baƙin gurbi.

Hasken da ya taru a gaban taya shi ne ya fi yaudara. Mai babur yana ganin ƙasa fari tas a mita biyar zuwa goma, sai ya ji kamar ya samu abin da ya biya. Amma ido yana daidaita kansa da wurin da ya fi haske, ƙwayar ido ta tsuke, abin da ke mita 50 ya ƙara shigewa duhu. Mutum ya ƙara gudu saboda yana jin yana gani, alhali nisan ganinsa ya ragu. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Wannan ba ya nufin duk ƙwan LED na canji banza ne. Akwai waɗanda aka ƙera da siririn allo, da ƙananan ƙwayoyi a daidai mazaunin zare, da murfin dim. Irin waɗannan suna iya ba da layi mai kyau a wasu fitilu. A Jamus hukuma ta fara amincewa da irin wannan ƙwai a 2020, na kamfanin Osram, amma ba ta ba shi izini a kan kowace mota ba. Sai da aka gwada shi a cikin fitilar kowane samfuri, aka fitar da jerin waɗanda ya dace da su. Darasin a fili yake: ƙwai da kwano tare ake auna su, kuma wanda ya yi kyau a wannan babur zai iya zama bala'i a wancan.

Wanda ke tahowa ma yana da haƙƙi

Hanyar daji a ƙasar Hausa ba filin wasa ba ce da aka killace. Ita ce hanyar da manomi ke dawowa daga kasuwar mako, da mai amalanken shanu, da mai keke ba fitila, da yara masu dawowa daga makarantar dare, da wani ɗan acaɓa ɗauke da mara lafiya zuwa asibitin gari. Sau da yawa faɗinta bai wuce babura biyu su gifta juna da ƙyar ba.

Idon da ya saba da duhu yana ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya kai cikakken ganinsa na dare, amma haske mai ƙarfi yana rusa wannan nan take. Bayan an dalle wa mutum ido yakan ɗauki daƙiƙoƙi kafin ya farfaɗo, kuma dattijo ya fi yaro daɗewa. Babur mai gudun kilomita 50 a awa yana cin kusan mita 14 a daƙiƙa. Daƙiƙa uku na makanta mita 40 ne da ɗoriya, ana tuƙi da ƙaddara. Wanda aka makantar kuma ba daji kaɗai zai iya faɗawa ba, zai iya yin kan wanda ya makantar da shi, domin hasken ne kaɗai abin da yake gani.

Kaya ma suna ƙara ta'azzara abin. Babur da aka ɗora wa goyo biyu ko buhun masara, bayansa yana nutsewa, gabansa ya ɗaga. Fitilar da ke kallon ƙasa lokacin da mutum ke shi kaɗai sai ta koma kallon fuskokin mutane. Da ƙwan wat 35 wannan ɗan takura ne. Da LED mai ninkin haske, wanda ba shi da layin dim, cutarwa ce.

Kyamarar waya ba shaida ba ce

Yawancin masu saye ta intanet bidiyo ne ke jan su: an nuna hanya da ƙwan asali duhu dulum, an nuna ta da LED kamar tsakar rana. Duk mai wayar zamani ya kamata ya san cewa kyamara tana canza yawan hasken da take ɗauka da kanta, kuma yanayin dare na wayoyin yanzu yana haɗa hotuna da yawa ya fitar da wanda ya fi abin da ido ke gani haske. Mai talla zai iya rage hasken hoton farko ya ƙara na biyu da yatsa ɗaya.

Amma wayar da ake yaudarar mutum da ita za ta iya zama abin awonsa. A shiga sashen Pro ko Manual na kyamara, a kulle ISO da saurin ɗauka a lamba ɗaya, a ajiye wayar a wuri ɗaya, a ɗauki hoton tsohon ƙwai da na sabo. Akwai kuma manhajojin auna lux a Play Store da ke amfani da sensar hasken da ke saman fuskar waya. Ba su kai mitar ƙwararru daidaito ba, amma sun isa kwatanta fitila biyu. A auna a mita 25 daidai tsayin gwiwa, inda ake son haske ya yi yawa, sannan a auna a daidai tsayin fuskar mutum a kan babur, inda ake son ya yi kaɗan idan an sa dim. Ƙwan da lambarsa ta sama ta kusa kamo ta ƙasa bai dace da hanyar mutane ba.

Wutar babur da zafin ƙwai

LED da wutar DC yake aiki, irin ta batir. Kwayil kuma AC yake bayarwa. Idan aka sa ƙwan DC zalla a layin AC, zai riƙa kyaftawa a silo, ko ya ƙone cikin 'yan kwanaki. Wasu ƙwayayen suna zuwa da nasu rektifaya a ciki, ana rubuta musu AC/DC, su ne suka dace da irin waɗannan babura ba tare da an taɓa waya ba.

Dabarar da masu gyara suka fi yi ita ce su janyo wa fitilar waya daga batir. Haske zai tsaya cak, ba ruwansa da totur, kuma wannan shi ne babban amfanin da mai tuƙin daji ke nema. Matsalar ita ce a babura da yawa wutar da ke cajin batir kaɗan ce, an lissafa ta ne don hon da sigina da fitilar birki. Aka ɗora mata fitilar wat 25 da wasu ƙarin fitilu biyu, ana kuma cajin waya a jiki, sai batir ya riƙa mutuwa a hankali. Gyaran gaskiya shi ne a duba ƙarfin kwayil, idan ya kama a canza rektifaya zuwa wanda ke mayar da dukkan wutar DC. Kuma kowace sabuwar waya da ta fito daga batir sai da fiyus a kusa da batir ɗin. Wayar da aka murɗe da hannu aka naɗe da leda, tana gogar ƙarfe a ƙarƙashin tankin mai, gobara ce ke jiran rana.

Sai zafi. Mutane na cewa LED ba ya zafi saboda gilashin gaba ba ya ƙona hannu. Zafin yana nan, a gindin ƙwan yake taruwa, kuma shi ne abin da ya fi kashe LED. Idan ƙwayar ta yi zafi haskenta yana raguwa, shi ya sa wani ƙwan ke ƙyalli a minti na farko a shago, bayan minti 15 ya ragu. Masu ƙaramar fanka a baya suna sanyaya da kyau a kan kwalta. A kan burji lokacin hunturu, ƙura ce ke cika fankar har ta tsaya, daga nan ƙwan ya dafa kansa. Ga mai bin daji, wanda ke da gindin alminiyam mai haƙora, ba fanka, ya fi daɗewa. Kuskuren da ake yawan yi kuma shi ne jefar da robar da ke rufe bayan fitila saboda sabon ƙwan bai shiga da ita ba. Ƙura da ruwa su shiga, kwanon ya dushe cikin damina ɗaya, haske ya koma ƙasa da na farko.

A kan ƙarin fitilu na waje, lambar IP tana da amfani. A IP67, lamba 6 na nufin ƙura ba ta shiga sam, 7 kuma na nufin zai jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita ɗaya na minti 30. Ita ma ana iya buga ta a kwali ba tare da gwaji ba, don haka a duba inda waya ta shiga jikin fitilar. Idan akwai rata a wurin, lambar ado ce.

Fari fat ko ruwan ɗorawa

Farin LED asalinsa shuɗi ne. Ƙwaya ce mai shuɗin haske, irin wadda Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura suka samar a farkon shekarun 1990 har aka ba su kyautar Nobel a 2014, aka shafa mata wani sinadari mai mayar da wani ɓangaren hasken rawaya. Yawan shuɗin da ya rage shi ke sa a ce ƙwai 6,000K ne ko 6,500K. Halojin yana wajen 3,200K. Wannan lamba launi take nunawa, ba ƙarfi ba, ko da yake masu talla na son a ɗauke ta a matsayin ƙarfi.

Haske mai shuɗi-shuɗi ya fi damun ido, na mai shi da na mai tahowa. A cikin hazo ko ƙurar da babur ɗin gaba ya tayar, hasken da ya dawo wa mutum a fuska yana zama kamar farin bango, kuma mai shuɗi ya fi gajiyar da ido. Faransa ta wajabta fitilun mota masu launin rawaya tun daga shekarun 1930 har zuwa 1993. Ga mai bin burji, ƙwai mai 4,300K zuwa 5,000K, ko ƙarin fitila mai ruwan ɗorawa, ya fi sauƙin zama da shi na awa biyu. Amma a cikin ƙura, kallon da fitilar ke yi ya fi launinta muhimmanci: wadda ke ƙasa tana kallon ƙasa ta fi wadda ke sama tana watsa haske cikin iska.

Abin da 'yan tseren daji suka gano

A tseren Baja 1000 da ake yi a hamadar Meziko tun 1967, masu babura kan kwana suna gudu a cikin duhu, kan duwatsu da yashi. Ba sa dogara da fitila ɗaya mai ƙarfi. Suna raba aikin: akwai mai tsinin haske da ke kai wa nesa, akwai mai faɗi da ke nuna gefen hanya da kwana, da yawa kuma suna ƙara ƙarama a kan hular kwano, domin fitilar babur inda kan babur ya kalla take haskawa, ba inda ido ke son dubawa ba.

Akwai hikima a kan tsayi ma. Fitilar da ke ƙasa da ido tana sa rami da dutse su yi inuwa, inuwar kuma ita ke gaya wa mutum zurfin abu. Wadda ke daidai ido, kamar ta hula, tana shafe inuwa, ƙasa ta yi kamar shimfiɗa. Shi ya sa ta hula taimako ce kawai, ba a tuƙi da ita ita kaɗai.

Ɗan acaɓan Giwa ko na Tasawa ba ya buƙatar kayan tsere, amma tsarin ya dace da shi. A bar babbar fitila da dim mai layi mai kyau, ko da ƙwan halojin ne mai inganci, ko cikakkiyar fitilar LED da aka ƙera ƙwai da gilashinta tare. Sannan a ƙara ƙananan fitilu biyu na wat 10 a ƙasa-ƙasa, da makunninsu daban a inda babban yatsa zai kai ba tare da an saki hannu ba. A daji a kunna su. Da an hango haske ko mutum, ko an shigo gari, a kashe.

Uzurin da ake kawowa

Na farko kuɗi ne. Cikakkiyar fitila da rewaya mai kyau sun fi ƙwai ɗaya tsada, kuma mai neman na abinci da babur ba ya da rarar kuɗi. Gaskiya ne. Amma wanda ya sayi ƙwai mai araha sau uku a shekara, ya canza batir sau ɗaya, ya riga ya biya kuɗin mai kyau. Kuma matakan da suka fi tasiri kusan kyauta ne: wanke gilashi, canza kwanon da ya dushe, gyara wayar ƙasa da ta yi tsatsa, da daidaita kallon fitila. Babura da yawa da ake kuka da duhunsu ba ƙwai ne matsalarsu ba.

Na biyu tsaro. Wasu na cewa a halin da hanyoyin karkara ke ciki, gara mutum ya hango abin da ke gabansa daga nesa. Wannan ma hujja ce ta fitila mai kai haske nesa, ba ta mai watsa shi sama ba. Haske mai tashi sama yana sanar da zuwan mutum daga kilomitoci ba tare da ya nuna masa komai ba. Kuma a jihohin Arewa maso Yamma da suka sha sanya dokar taƙaita zirga-zirgar babura da daddare, babu fitilar da ke halatta fita a lokacin da aka hana.

Na uku shi ne kowa na yi, wanda bai sa ba shi ake makantarwa. Wannan ne ya fi haɗari, domin haka gasar ke ci gaba har kowa ya makance. A nan ne hukuma ke da aiki. Hukumar SON, mai kula da ingancin kayan da ake shigowa da su, za ta iya tilasta a rubuta ainihin wat da lumen a kwali. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC da jami'an duba ababen hawa za su iya ƙara duba kallon fitila a kan duba ko tana kamawa. A Ingila, tun 2021 ba a kayar da babur a gwajin shekara don kawai an sa masa ƙwan LED, amma dole fitilar ta ci gwajin kallo da tsarin haske. Wannan ma'auni ne mai adalci, kuma ƙungiyoyin 'yan acaɓa za su iya fara aiki da shi a tashoshinsu tun kafin gwamnati ta waiwayo.

Gwajin bango

Duk wanda ya riga ya sa LED, ko yake shirin sawa, minti goma da bango ɗaya sun ishe shi. A sami fili mai daidai, a tsayar da babur mita 10 daga bango, mai shi yana zaune a kai da irin nauyin da ya saba ɗauka. A auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa, a ja layi da alli ko gawayi a bango a wannan tsayi. A kunna dim. Ya kamata a ga iyaka bayyananniya tsakanin haske da duhu, kuma ta sauka aƙalla santimita 10 ƙasa da layin. Idan ta yi sama, akwai noti ko sukurun daidaitawa a jikin fitila. Idan ƙwan mai gefe biyu ne, a tabbata ƙwayoyinsa na kallon hagu da dama, ba sama da ƙasa ba.

Idan kuwa babu iyaka sam, haske ya bazu a bango kamar an watsa farar ƙasa, babu daidaitawar da za ta gyara shi. Wannan ƙwai bai dace da wannan kwano ba, sai a mayar wa mai shago ko a koma kan na asali. Mataki na ƙarshe shi ne mai babur ya ba wani ya zauna a kai, shi ya taka mita 30 ya juyo ya kalli fitilarsa. Abin da ya gani a nan shi ne abin da maƙwabtansa ke gani kowane dare a hanyar gida.